Geron Sarkin Noma

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe Baba ya juya kiɗa. Na san lokacin daidai, don ina ɗaure da agogon da aka ba ni kyauta a kolej ɗin Mayahi shekarar da na gama, kuma a watannin nan ba na yin minti biyar ban dube shi ba. Ranar Laraba ce, cikin watan takwas, a gonar wani maƙwabcinmu da ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu. Ina tsugune a gindin aduwa tare da matan da suka kawo fura, shekarata goma sha shida, da littafi ɓoye cikin zanena don kada a ce ɗiyar makaɗi ta zo gona yin karatu.

Babana makaɗin noma ne, haka ma kakana. A ƙauyenmu, in mutum ya kira gayya bai kira mai ganga ba, samari za su zo, amma kafin rana ta take sun fara neman inuwa. Kowane manomi da ya amsa sunansa yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda in ya ji shi ko yana cikin barci sai ya zabura. Wasu sukan manna wa Baba kuɗi a goshi nan take, amma ainihin ladan makaɗi sai kaka, lokacin da kowa zai aiko da daminsa na gero. Da wannan geron aka raine ni. Gonarmu ƴar ƙarama ce, kuma mai bin gonakin mutane da ganga ba ya samun lokacin tasa.

A cikin duk masu take, babu kamar Sarkin Noma. Ya ba shekara sittin baya a lokacin. Dogon mutum ne, baƙi, mai manyan hannuwa, kuma kakana ne ya yi masa takensa tun yana saurayi. Mu da muka tashi cikin gidan ganga muna jin abin da gangar ke cewa: rana ta gaji, kai ba ka gaji ba. In ya gamu da ni a hanya yakan ce, “Amaryata, yau ma takarda za ki dafa mani?” Ni kuwa sai in rufe fuska in wuce, ban taɓa iya mayar masa ba.

Da bazarar shekarar jiri ya kayar da shi a kasuwa. Likita a Mayahi ya auna shi ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ya hana shi gishiri, ya hana shi rana, ya hana shi aikin ƙarfi. Ƴaƴansa maza biyu suna Libiya neman kuɗi, matan sun yi aure a wasu garuruwa. Daga shi sai matarsa, wadda duk yaran unguwa muke kira Iya.

Ana gobe gayya Iya ta zo gidanmu. Baba ya tafi sayen fata, Inna tana rijiya, ni kaɗai ta tarar. Ba ta ko zauna ba.

“Ɗiyata, ke aka ce ba ki mantuwa. Ki ce ma ubanki, mutumin nan ya ce gobe zai je kallo. Kallo kawai, in ji shi. Don Allah, don Annabi, kar ya buga mashi takenshi. Ko ya roƙe shi, kar ya buga.”

Da Baba ya dawo na jira ya ci abinci, na durƙusa na faɗa masa, kalma bayan kalma, har da “ko ya roƙe shi”. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata. Ya ce, “Na ji, Uwata.” Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗauka saƙon ya ɓata a hanya. Bai ɓata ba.

Kuma tun safe Baba ya riƙe maganar. Sarkin Noma ya zo da sandarsa ya zauna a gefen inuwarmu, samari kusan ashirin suka jera da hauyoyinsu masu doguwar ƙota, Baba yana bin bayansu yana yi wa wannan, yana yi wa wancan. Duk sanda ya zo kusa da aduwar sai ya ɗauke kai ya yi wani gefen. Ina lura da tsohon. Da farko yana dariya yana gyara wa yara riƙon hauya daga zaune. Can sai ya fara caka sandarsa cikin rairayi.

Daga nan ya miƙe. Iya ta kama bakin rigarsa, ya fizge ba tare da ya dube ta ba. Ya ratsa gero har gaban Baba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Makaɗi! Na mutu ne ba a gaya mani ba?”

Aka yi dariya. Baba ma ya yi dariya, ya rusuna.

“Ranka ya daɗe, wa ya isa? Fatar ce ta sha raɓa, ba ta kai takenka ba yau.”

“Ta kai na waɗannan ƴan shan shayin, ba ta kai nawa ba? Tun safe kana kewaye ni kamar kututture. Ubanka bai taɓa shiga gona ina ciki ya fara da wani ba.”

Samari suka tsaya, kowa ya dogara da hauyarsa. Wani daga baya ya ce, “A bar tsoho ya huta, ya yi nashi zamanin.” Ba da mugunta ya faɗa ba, ina jin. Amma na ga wuyan Sarkin Noma ya miƙe. Ya zaro takardar kuɗi daga aljihu ya manna wa Baba a goshi, ya ce, “Dami biyar in Allah ya kai mu kaka. Ku shaida.”

Baba ya dubi wajen aduwa. Na ga idonsa ya sauka kan Iya, ya sauka kaina. Sannan ya gyara ratayar ganga ya juya kiɗa, ni kuwa na dubi agogo, don ban san inda zan sa idona ba.

Dole in faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Tsohon ya karɓe hauya daga hannun wani yaro, ya tura ta, ƙasa ta buɗe a gabansa kamar ana yaye tabarma. Samari suka bi shi da ihu, mata suka rangaɗa guɗa, ni kaina tsigar jikina ta tashi. Baba yana bayansa taku da taku, gumi na zuba, ban taɓa jin gangarsa ta yi magana haka ba. Iya kaɗai ce ba ta tashi ba. Minti goma sha biyu aka yi. Saura kaɗan ya kai bakin gona sai hauyar ta kauce, ya durƙusa a gwiwa ɗaya kamar mai neman wani abu da ya faɗi, sannan ya kife.

A amalanken jaki aka fitar da shi zuwa hanya, daga nan aka samu mota zuwa Mayahi. Ya yi mako biyu a asibiti. Ya dawo da ransa, amma ɓarin dama duka ya shanye, bakinsa ya karkace.

Ba wanda ya ce wa Baba komai. A ƙauye an ce ƙaddara, an ce ciwo da ma yana jikinsa. Sai dai in na isa rijiya hira takan tsaya, sannan ta ci gaba da wata magana daban. Baba ya ci gaba da zuwa gayya har damina ta ƙare. Ya aiki Inna da goro da sukari ta gaishe da mai jiki, sau biyu. Shi da kansa bai je ba. Gidan yana kan hanyar masallaci, sai ya koma bi ta bayan makaranta, hanyar da ta ninka waccan tsawo.

Ni kuma ina jiran watan goma. An ba ni wuri a lise ɗin Tasawa, wato babbar sakandare, ni kaɗai ce mace daga ƙauyenmu a shekarar. Za ni sauka gidan wata ƴar'uwar Inna mai yara da yawa, kuma ta aiko tun da wuri, ba ɓoye-ɓoye, cewa ɗaki akwai, ruwa akwai, amma in zo da hatsina. Geronmu bai nuna ba, don shukar farko ta ƙone sai da aka sake. Sauran manoma kuwa ba sa tuna makaɗi sai sun cika rumbu sun rufe. Sarkin Noma kaɗai ne a garin yake fitar da damin makaɗi daga yankan farko, tun zamanin kakana.

Saura kwana tara a buɗe makaranta, da hantsi, amalanke ya tsaya a ƙofar gidanmu. Maƙwabta ne suka taru suka yanke wa Sarkin Noma gonarsa, Iya kuma ta ware dami biyar ta ce a kawo. Manyan zangarniyoyi, ɗaurin gidan da kowa ya sani. Baba ya tsaya yana kallo ana saukewa, bai taɓa ko ɗaya ba. Da mai amalanken ya tafi ya ce wa Inna, “A sussuke. Guzurin Uwata ne na Tasawa.”

Na ce, “Ba ni zuwa da shi.”

Ban san na faɗa da ƙarfi ba sai da na ga sun juyo su biyu. Ni ce yarinyar da malami zai tambaya a aji, ta san amsa, ta rubuta ta a takarda ta miƙa wa ta kusa da ita ta faɗa. Baba ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana, ya sa takalmi ya fita.

Inna ta jira ya yi nisa.

“Ke, aljani ya shafe ki? Maimaita in ji.”

“Ba ni cin geron nan, Inna, sai na san ko da haƙƙi a cikinshi.”

“Haƙƙin wa? Sata aka yi? Mai shi ya yi alkawari gaban jama'a, matarshi ta aiko. Tun kina cikin zanen goyo me kike ci in ba geron ganga ba? Wannan ƙashin naki da kike taƙama da shi, da wannan kan da ke cin jarrabawa, duk ganga ce.”

“Wancan geron ba wanda ya faɗi a kanshi.”

“To zauna. Ki dafa littafi ki ci. In ƴan'uwanki sun tahi Tasawa ke ki tsaya nan kina yi ma hatsi shari'a.”

Ta jawo turmi ta fara sussuka, tana yi tana magana ita kaɗai, wai an kai yarinya lakwal, makarantar boko, don ta yi hankali ta dawo da ciwon kai. Ban taya ta ba, kuma wannan ne karo na farko da na zauna tana aiki.

Kwana biyu ina tattara ƙarfin hali kafin na tunkari Baba. Na same shi bayan la'asar a zaure yana ɗaure sabuwar fata a ganga, tsirkiya a bakinsa. Na durƙusa nesa kaɗan.

“Baba, tambaya gare ni.”

“Uwata ta zama alƙali, an ce. Bismilla.”

“Na ba ka saƙon Iya ko ban ba ka ba?”

“Kin ba ni.”

“To don mi ka buga?”

Ya cire tsirkiyar daga bakinsa, ya ja ta ya ɗaure, bai yi sauri ba.

“Ni na miƙa mashi hauya? Ni na ɗauko shi daga gida? Mutum da furfurarshi, ya girme ni da shekara goma sha wani abu, ya tako da ƙafarshi ya biya kiɗanshi. Sana'ata ke nan. Mai shayi yana tambayar mutum ko likita ya hana shi sukari? In sai na auna jinin kowa kafin in buga, ai sai a ba ni farar riga in zauna asibiti.”

“Mai shayi ba a aiko mashi ba.”

“Matarshi ta aiko, shi kuma ya zo. Wa zan bi? Ke ba ki san abin da ake nufi da a hana mutum takenshi ba. Kina wurin, kin ji abin da yaron nan ya ce. Da na ƙi, a gaban sa'o'in ƴaƴan cikinshi, da na binne shi yana numfashi. Ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Wannan ba ya cikin littafinku.”

Na ji nauyin maganar, har yanzu ma ina jinsa. Amma akwai abin da na shirya tun a ɗaki, kuma na san in ban faɗe shi a lokacin ba, ba zan ƙara iyawa ba.

“In babu komi, Baba, mi ya sa kake bi ta bayan makaranta?”

Hannunsa ya tsaya a kan fatar. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, “Tashi ki ba ni wuri.”

Na koma ɗaki na yi abin da na iya. Na ɗauki kaye, littafina na rubutu, na raba shafi biyu da layi kamar yadda aka koya mana, na rubuta hujjojin Baba a dama, nawa a hagu. Na dama suka fi yawa. Mutumin babba ne, da hankalinsa. Ya san abin da likita ya ce fiye da kowa. Shi ya nema, shi ya biya. Ciwon ya riga kiɗan. A hagu abu biyu ne kawai: an gaya wa Baba, kuma ya dubi Iya kafin ya buga. Na yi ta ƙoƙarin in ga na dama sun rinjayi waɗannan biyun, don ina son zuwa Tasawa kamar raina. Na riga na wanke kayana na ninke, na yi wa littattafaina bango da takardar siminti. Amma duk sanda na tuna yadda ya dubi aduwar, sai lissafin ya rushe.

Na je wurin malamin da ya koya mana Ƙur'ani, na tsaya daga bakin ƙofa na yi tambayata a gajarce, ban ambaci suna ba, ko da yake ya san wa nake nufi. Ya ce ciwo da lafiya na Allah ne, ba ganga ke kawo su ba. Ya ce kyautar da mai ita ya bayar da yardarsa halal ce. Sannan ya ƙara da cewa shi da ma ya daɗe yana yi wa mahaifina nasiha ya bar kiɗa gaba ɗaya, ya daɗe a kan wannan. Na yi godiya na taso. Cikin abin da ya faɗa na yarda da wasu, amma ba shi na tambaya ba. Ni ba kiɗa gaba ɗaya ya dame ni ba, kiɗa ɗaya ne, na minti goma sha biyu.

Inna ta gama sussuka ta sheƙe, ta ɗura a buhu ta ɗinke baki, ta jingine shi daidai ƙofar ɗakina yadda sai na raɓa shi in zan fita. Ba ta ƙara yi mini magana a kai ba. Baba kuwa ya daina kirana Uwata, ya daina kirana komai. In yana son ruwa sai ya ce, “A kawo ruwa.” Wannan ya fi mini zafi a kan faɗan Inna. Wata ƙawata daga ƙauyen gaba, wadda za mu shiga aji ɗaya, ta aiko cewa an yi magana da mai mota, ranar Lahadi da safe zai biyo ta bakin hanya.

Tun ranar Alhamis na san inda amsar take. Mutum ɗaya ne ya ga abin tun kafin ya faru, kuma ita ce ta aiko da geron. Ranar Alhamis na kai ƙofar gidan na juyo. Ranar Juma'a na kai har zaure, na ji tari daga ciki, na juyo. Me zan ce? In ce na zo in tambaya ko ubana ne ya kwantar da mijinki? Ranar Asabar na tashi na ce wa kaina, ko dai in shiga yau, ko in kwance kayan da na ninke. Ba zan ɗauki buhun nan a kan ban sani ba, kuma ba zan bar makaranta a kan kunya ba.

Da hantsi na yi sallama. Ba a amsa ba, sai na ji nishi, na leƙa. Iya ce a ƙofar ɗaki, ta sunkuya ta kama bakin tabarma da hannu biyu tana ja da baya, Sarkin Noma yana kwance a kai. Tana son ta fitar da shi inuwar darbejiya kafin ɗakin ya yi zafi. Takan ja taku ɗaya ta tsaya ta dafe ƙugu. Dokin ƙofar ya tare tabarmar.

“Tsayuwar mi kike? Kama can.”

Na ajiye takalmi na kama ƙafafunsa. Ban taɓa zaton mutum da ya rame haka zai yi wannan nauyin ba. Da ƙyar muka tsallakar da shi, muka ja har inuwa, ta tura masa matashi a baya, ta goge masa baki da gefen zanenta. Ya dube ni da idon da ke buɗewa sosai. Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito, kuma sai da na matsa na gane.

“Amar… yata.”

Na ce, “Ina kwana, Baba. Ya jiki?” Karo na farko ke nan da na amsa masa.

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni, ya nuna wajen gonaki. Iya ta ce, “Wai kina wurin, ko?” Na ce ina wurin. Ya sake haɗa magana, a hankali.

“Na kai… bakin gona?”

Bai kai ba. Na san inda ya faɗi, saura kamar taku goma sha biyar. Iya ta ce, tana kakkaɓe tabarma, “Ka kai mana, har ka wuce. Kullum sai ka tambaya. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya yi maka shaida, kamar gaban alƙali.” Ɓarin fuskarsa mai rai ya yi murmushi. Yatsunsa na hagu suka fara bugun tabarma, kuma ko ban so ba na gane abin da suke bugawa.

Iya ta wuce madafa, na bi ta. Tana dama masa kunu marar gishiri, marar kanwa. Na tsuguna kusa da ita, ban ko karɓi muciyar ba. Na riƙe gwiwoyina.

“An ce kin ƙi geron,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Uwarki ta faɗa ma mai dakan unguwa, mai daka ta faɗa ma duniya. Ya yi maki ƙanƙanta ne, ƴar lakwal?”

“A'a, Iya.”

“To tsutsa gare shi?”

“Iya, ni kika ba saƙo. Na kai shi yadda kika faɗa, ban rage ko kalma ba. Ya ce ya ji.” Na sunkuyar da kai na ci gaba. “Kowa na tambaya sai ya ce ƙaddara, ko ya ce shi ya nema. Gobe mota za ta zo. Ba ni iya cin geron nan wata uku ban sani ba. Don Allah ki gaya mani gaskiya, ko ba daɗi. Babana yana da alhaki a cikin abin nan ko ba shi da shi?”

Ta sauke tukunyar, ta zuba kunun a kwano, ta rufe da faifai. Ta zauna a kan kujera ƴar tsuguno tana miƙe ƙafa ɗaya a hankali, irin na mai ciwon baya. Sannan ta dube ni sosai.

“Yana da shi,” ta ce. “Wancan da kika gani kwance ba ya jin maganata, ba ya jin ta likita, ba ya jin ta ɗiyanshi. Shekara arba'in abu ɗaya na san yana ji, ganga. Ubanki ya san haka ya fi ni, shi ya sa ban je wurin kowa ba sai wurinshi. A gonar nan duka shi kaɗai ke iya zaunar da shi, bai zaunar ba. Da ya ji kunyar rana ɗaya, da yanzu yana yawo yana zagin ubanki, ni kuwa ina jin daɗi. Shi ma mai taurin kan yana da nashi, ga shi can yana biya. Gero kuwa ladan kiɗa ne. An yi kiɗa, ya yi alkawari gaban mutane, ba ni barin shi ya je lahira da alkawarin makaɗi a wuya. Ban aika don na yafe ba, ban aika don in kunyata kowa ba. Ɗauki buhunki ki tahi lakwal, ba ke kika rataya ganga ba. Ubanki kuwa, tunda an ce ba ki mantuwa, ki ce mashi na gaji da goro da sukari. Ba haƙuri nike so ya ba ni ba, ƙarfi nike so. Safe da marece sai an ɗaga mutumin nan, ni bayana ya ƙare. Ya zo gobe da hantsi, ya biyo ta hanyar masallaci kowa ya gan shi, ya bar gangar a gida.”